Gig Arba'in da Gyara

Babana mai awo ne. Ya fi shekara talatin yana auna gero da dawa da wake a ƙofar gidanmu a Daura, kuma duk unguwar da abu biyu aka san shi: mudunsa ba ya tauyewa, sannan ba a roƙonsa gyara. In mutum ya ce, "Alhaji, a ɗan yi gyara mana," sai ya haɗe fuska ya ɗaure bakin buhu. Amma in ka yi shiru, yana gama awo zai ɗaga kai ya ce, "Kai, dubi ɗan acaɓan can, zai kashe kansa!" Kana waiwayawa ya watsa maka hannu biyu ko uku a cikin jaka. Ina yarinya na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Uwata, in na faɗa masa na ƙara, ai na sa shi godiyar dole. To me na ba shi ke nan?" Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Shi a zatonsa duk garin babu wanda ya gane dabarar nan tasa.

Shaguna uku ne a jikin gidanmu, duk suna kallon titi. Na farko na Baba, cike da buhunan da yake sarowa daga ƙauyukan Baure. Na tsakiya wani ɗan ƙabilar Ibo ne yake haya a ciki, yana sayar da kayan gyaran babur da na janareto da ƙwan lantarki. Ya zo Daura tun ba a yaye ni ba, kuma in ka ji Hausarsa daga bayan katanga sai ka rantse a gindin Kusugu aka yanke masa cibiya. Mu yaran gidan Kawu muke ce masa, shi kuma don tsokana yake kirana Uwar Alhaji. Kullum in Baba ya dawo daga sallar azahar, su biyun suke zama a benci ƙarƙashin darbejiya su ci abin da aka fito da shi daga cikin gida, suna musu a kan tsadar fetur da ko hadarin gabas zai zuba.

Shago na uku ɗakin ajiye tsofaffin buhuna ne, har ranar da na dawo daga Katsina da takardar shaidar koyon kwamfuta ta wata shida. Wata shida fa! Amma yadda nake taku a lokacin, kai ka ce ni na ƙera kwamfutar. Na sa aka yi wa takardar firem, na rataye ta inda duk mai shigowa sai ya yi ido biyu da ita. Ni dai Allah ya yi ni da baki da saurin hawa, ban taɓa ɓoyewa ba, a lokacin kuma ga ƙuruciya ga iyayi.

Kwamfutar da aka saya mini 'yar gwanjo ce. Da can fara ce, amma ta iso hannuna da launin kunun gyaɗa. In na kunna ta sai ta yi tari, ta yi gurnani, ta ƙirga abin da za ta ƙirga, kafin ta tashi na share shago na ɗebo ruwa. Duk da haka ta yi mini rana. Lokacin wayar hannu ta fara yawa a gari, masu buga takardu kuwa ba mu da yawa. Katin ɗaurin aure, takardar neman aiki, furojet ɗin ɗalibai, hoton fasfo, duk wurina ake kawowa. Matsalarta ɗaya ce: ma'ajiyarta, wadda muke kira had dis, gig huɗu ce kacal. Gig shi ne mudun da ake auna wurin ajiya a kwamfuta, kuma huɗu ko a wancan zamanin abin dariya ne. Kullum sai ta fito mini da saƙo wai wuri ya cika, in zauna ina goge aikin jiya don na yau ya samu shiga. Ranar da na goge katin wata amarya, gwaggonta ta dawo a ƙara mata kwafi, na sha faɗa na ƙoshi, a ranar na ce ya isa haka.

Na samu Baba yana ɗinke bakin buhu na ce, "Baba, had dis zan saya, mai arba'in."

Ya ɗago ya dube ni. "Hadisi? Duk waɗanda kika haddace a Islamiyya fa? Yanzu kuma sayensu ake yi?"

Na yi dariya har da riƙe ciki, sannan na yi masa bayani cewa wani ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, ana zuba aiki a cikinsa ya zauna. Ya ce, "To ki ce rumbu mana. Kada in sake jin kin haɗa suna mai daraja da ƙarfe." Daga ranar sunansa rumbu a gidanmu, ni ma har yau bakina bai daina ba.

Kawu yana zuwa Kano sarin kaya duk bayan mako biyu, don haka shi na ba saƙon, na haɗa masa da kuɗin mai gig arba'in. Kafin ya tafi ya shigo shagona, ya zagaya bayan kwamfutar, ya kwafe lambobin jikinta a guntun kwali. Na ce, "Kawu, meye na wahala? Arba'in kawai za ka ce musu." Ya ce, "Ko fulogi ba na sayarwa sai na san babur ɗin da za a sa wa."

Bayan kwana biyu ya dawo ya miƙo mini rumbun a cikin leda mai ƙyalli. Ya manna sitikar shagonsa a tsakiyar takardar da ke jikin ƙarfen, irin wadda yake mannawa a kan kayansa, don haka ban kawo komai a raina ba. Sai ya ɗora wani baƙin fulofi a kai. Fulofi shi ne ɗan faifan da muke ɗaukar aiki da shi kafin zuwan filashi, 'yan yanzu ba su san shi ba. Ya ce, "Mai kayan ya ce ki fara sa wannan kafin komai." Ni kuwa mutum uku ne a tsaye a kaina kowa na jiran takardarsa, rabin kunnena ne kawai a wurin Kawu. Na ce to, a raina kuma na ce, oho, gyara ke nan. Rumbu guda a yi maka gyaran fulofi ɗaya, lallai Kawu an yi ƙoƙari! Kafin la'asar wani ɗalibi ya zo neman abin da zai ɗauki furojet ɗinsa, na goge fulofin tas, na zuba masa aikinsa na kiwon kaji, ya tafi da shi.

Washegari da safe na kwance cikin kwamfutar da sukuddireba, na bar ƙofar shago a wangale don masu wucewa su ga mace tana aikin injiniya. Na ɗaura rumbun, na kunna, na shiga Bayos, wato shuɗin allon nan da kwamfuta ke nuna abin da ta gani a cikinta kafin ta tashi. Na duba wurin girman rumbu. Talatin da biyu. Na goge gilashin da gefen mayafi na sake dubawa. Na kashe na kunna. Na zare waya na hura na mayar. Talatin da biyu dai, ko ɗaya bai ƙaru ba.

Nan take kaina ya ɗau zafi. Da ina da hankali da na leƙa shagon Kawu na tambaye shi a tsakaninmu. Ina! Sai na jira azahar, sai da suka zauna a benci suka sa kwanon shinkafa da wake a gaba, ga 'yan acaɓa huɗu suna jiran a ba su kaya, sannan na fito na riƙe ƙugu.

"Kawu, kuɗin arba'in na ba ka ko na talatin da biyu?"

"Na arba'in," in ji shi.

"To ina takwas?"

Ya ajiye cokali. "Kin sa fulofin da na ba ki?"

"Bar zancen fulofi, gyaranka na gode. Ina gig takwas ɗina?"

Ya ce, "Uwar Alhaji, kwamfutarki ce tsohuwa. Ki kai wa wanda ya sani ya duba miki."

Wanda ya sani! Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Ni da takarda a firem? Na buɗe baki na zazzage masa duk abin da ya zo. Na ce an ga mace an raina ta, na ce an mayar da ni baƙauya, na ce jabu ya sayo ya soke sauran a aljihu. Har yau in na tuna kalmar nan ta ƙarshe sai na runtse ido.

Baba ya tashi ya wanke hannu ya shiga shagona, na bi shi. Bai yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya sa yatsa a gilashin ya ce, "Wannan uku da biyu ne?" Na ce e. "Kuma arba'in aka biya?" Na ce e. Ya fito ya tsaya a gaban bencin.

"Maƙwabci, an biya arba'in, mudu ya nuna talatin da biyu. Me za ka ce?"

Kawu ya miƙe tsaye. "Alhaji, ban tauye ba."

"Iyakar abin da za ka ce ke nan?"

"Iyakarsa ke nan. In tana so ta kawo in mayar da shi."

Na yi caraf na ce ba zan bayar ba, shaida ce. Baba ya dube shi ya ce, "Komai ina iya haƙuri da shi ban da tauye mudu. In wata ya ƙare ka nemi wani shagon." Saura mako uku watan ya ƙare.

Kwana biyun farko daɗi nake ji, ba zan yi ƙarya ba. Ina ganin na ƙwato 'yancina. Sai magana ta fi ƙarfina. 'Yan acaɓan nan suka kwashe ta suka watsa a tasha da kasuwa, kafin mako ya zagayo kowa ya tuna da wani fulogi ko wata sarƙa da ya saya a wurin Kawu ta lalace. Mutanen da suka shekara goma suna shan ruwan randarsa suka koma tsallaka titi. Bencin ya zama na Baba shi kaɗai, yana cin abinci yana juya cokali, rabi ya dawo cikin gida. Kawu kuwa kullum zai buɗe shago da sassafe ya ce, "Alhaji, ina kwana," Baba ya amsa ba tare da ya ɗago ba. A mako na biyu na ga ya fara tara kwalaye a ƙofa.

Inna, wato mahaifiyata, ita ce ta tare ni a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce, "Ke, mutumin nan shi ya goya ki a babur ya kai ki asibiti ranar da kunama ta harbe ki, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ki dai bincika." Na ce ai zan bincika, har da takarda zan kawo a rubuce, da sa hannu da hatimi, in manna a ƙofar shagona kowa ya karanta. Ta ce, "Allah ya shirya mini ke," ta ci gaba da tankaɗenta.

Saura kwana biyar wata ya ƙare na naɗe akwatin kwamfutar a cikin zani, na shiga motar Katsina na ɗora shi a cinya. Kwandasta ya so ya karɓi kuɗin kujera biyu, na ce masa jinjiri ne, in ya isa ya buɗe. Wata tsohuwa a gefena ta yi ta tambayar me ya sa yaron ba ya motsi, har muka isa.

Malamar da ta koya mana kwamfuta dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Na ajiye mata akwatin na zayyana mata labari da hannu da ka, na ce takardar shaida nake so cewa rumbun jabu ne. Ta bar ni na gama. Ta kwance rumbun, ta juya bayansa inda wasu ƙananan allurai suke jere, ta ɗauko hantsaki ta zaro wata 'yar baƙar roba da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ta ɗora mini a tafin hannu.

"Menene wannan?"

Na ce, "Datti ne, Malama?"

"Jamfa ake ce mata. Ranar da na koyar da ita kina ina?"

Na yi lissafi a raina, na gano makon bikin wata ƙawata ne. Na ce ina jin ba ni da lafiya. Ta dube ni ta saman tabarau, sannan ta yi mini karatun da na tsallake. Ta ce Bayos ɗin tsofaffin kwamfutoci irin tawa ƙirgarsa ba ta wuce talatin da biyu. In ka ɗaura masa rumbun da ya fi haka sai ya ruɗe ya tsaya cak, kwamfutar ko tashi ba za ta yi ba. Shi ya sa masu ƙera rumbu suka yi dabarar jamfa: in an sa ta a kan waɗancan alluran, rumbun sai ya ƙanƙantar da kansa ya ce shi talatin da biyu ne, don tsohuwar ta yarda ta karɓe shi. Ta ce, "Duk wanda ya sa miki jamfar nan ya san irin kwamfutarki, kuma ya yi miki gata."

Guntun kwalin da Kawu ya kwafe lambobi a kai ya faɗo mini a rai. Na ce, "Wato arba'in ɗin ya cika ke nan?"

Malama ta ɗauki rumbun, babu jamfa, ta jona shi a wata sabuwar kwamfuta da ke kan teburinta, ta juyo mini da gilashin. "Karanta."

Na karanta. Na ce, "Malama, taki ma ta lalace. Tamanin take nunawa."

Ta zare rumbun ta sa farce ta ɓanɓare sitikar Kawu a hankali. Ga shi nan a ƙarƙashi, baƙi a kan fari, takwas da sifili. Daidai kan lambar ya manna sitikar, ba gefe ba, ba sama ba.

"Ba a haɗo miki da fulofi ba?" in ji Malama. "Irin wannan da shi yake zuwa. Akwai 'yar manhaja a ciki da ke zama a bakin rumbun, ta nuna wa tsohuwar kwamfuta sauran wurin da ba ta iya gani."

Na ce, a hankali, "An haɗo."

"Yana ina?"

"Furojet ɗin kiwon kaji ne a ciki yanzu."

Tunda na san matar nan ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ni kuwa na yi tsamo-tsamo a kujera, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutum ya karɓi kuɗin arba'in, ya cika da nasa ya sayo mini tamanin, ya rufe lambar don kada in gani, ni kuma na tsaya a gaban 'yan acaɓa na kira shi ɓarawo.

Malama tana da irin manhajar a durowa. Ta kwashe 'yan ayyukan da na riga na zuba a rumbun, ta mayar da jamfar, ta ɗaura shi a tsohuwata, ta sa fulofinta. Bayan 'yan mintoci tsohuwar nan da ba ta iya wuce talatin da biyu ta buɗe ido ta ga rumbun gaba ɗaya. Sai ta ce saura fatishin, wato a raba rumbun ɗaki-ɗaki. Ta ce da irin tsarin da kwamfutata ke aiki da shi gara kada ɗaki ɗaya ya wuce talatin da biyu, sannan in cutar kwamfuta ta shiga ɗakin farko ta cinye manhaja, aikin da ke sauran ɗakunan zai tsira. Muka yi ɗaki uku: na farko ashirin don manhaja, na biyu ashirin da huɗu don aikin mutane, na uku talatin. Na haɗa lissafi na ga saba'in da huɗu, bakina ya fara motsi zai ce ina shida, Malama ta ɗaga mini yatsa. Ta ce ƙirgar masu ƙerawa daban, ƙirgar kwamfuta daban, babu wanda ya ci mini komai, kuma in na sake buɗe baki a kan lamba yau sai ta karɓe takardar shaidar da ta ba ni. Da aka zo sa wa ɗakunan suna ta tambaye ni me za a rubuta a na uku. Na ce ta rubuta Gyara.

A hanyar dawowa ban yi faɗa da kwandasta ba, na biya kujera biyu salin alin. Tun daga Katsina nake shirya yadda zan faɗa wa Baba, in gina in rushe, har muka shigo Daura ban samu mai daɗi ba. Na tarar da shi shi kaɗai a shago ana gab da kiran la'asar. Na durƙusa na faɗa masa komai, jamfa da fulofi da sitika, ban rage ko ɗaya ba.

Ya saurara kamar yadda yake sauraron mai kawo hatsi. Da na zo kan fatishin ya ce, "Kafinta kuka kira?" Na ce a'a, a cikin ƙarfen ake rabawa, ba a ganin katangar. Da na zo kan saba'in da huɗu ya ce wannan ba tauyewa ba ne, mudun Baure ma ba ɗaya yake da na Kano ba.

"Wato hatsin ya cika har ya zuba," in ji shi, "mai awon ne bai iya ƙirga ba."

"E, Baba."

"Mai awon kwamfutar ce ko ke?"

"Mu biyun ne, Baba."

"Mu uku," ya ce. Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci.

Da aka idar da salla bai dawo shi kaɗai ba. Ya taho da liman da maƙwabta, ya kuma tsaya a bakin titi yana ɗaga wa duk ɗan acaɓan da ya gani hannu har suka taru. Kawu yana cikin shago yana ɗaure kwali da igiya, rabin kantocin sun riga sun zama wayam. Baba ya kira shi ya fito, shi kuma Baba ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar farko.

Ya ce, "Jama'a, a nan na ce mutumin nan ya tauye mudu, a nan zan janye. An biya shi arba'in, ya kawo tamanin. Ni na zalunce shi, ni da 'yata. Duk wanda ya kai waccan maganar wani wuri, don Allah ya kai wannan ma." Ya juya ga Kawu. "Maƙwabci, ka yafe mini. Amma me ya hana ka faɗa? Kalma ɗaya fa! Ka ce tamanin ne, ka ɓanɓare takardar, shi ke nan."

Kawu ya sosa ƙeya. Ya ce, "Yarinyar da na ɗauka a kafaɗa ce ta buɗe shago, na ce bari in ɗan sa mata albarka. In na faɗa kuma ai ya zama gori." Ya ɗan yi murmushi. "Alhaji, shekara ashirin da biyu ina sayen wake a wurinka. Kullum sai ka ce in dubi ɗan acaɓa, ko in dubi akuya, ran nan har jirgin sama ka nuna mini babu jirgin. Ka taɓa faɗa mini abin da kake zubawa?"

Baba ya ce, "Ashe kana gani?"

"Kullum."

Wani tsoho a bayan liman ya ce, "Alhaji, ai duk muna gani." Wurin ya kaure da dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya sa gefen rawaninsa ya goge ido, ya shige shagon Kawu ya fara kwance igiyar kwalayen da hannunsa, yana mayar da fulogi kan kanta a inda ba wurinsu ba, Kawu na binsa yana gyarawa.

Ni ma na matsa na durƙusa a gaban mutane na ce, "Kawu, ka yafe mini, bakina ne ya ja." Kuka nake yi sosai, har da majina. Ya dube ni ya ce, "Uwar Alhaji, na yafe. Amma ina fulofina?" Na ce yana wurin kaji. Sai da na ba da labarin nan sau uku a yammacin, kuma har na yi aure 'yan acaɓan unguwarmu Mai Kaji suke kirana. Takardar firem kuwa na sauke ta da kaina na sa a ƙarƙashin katifa.

Rumbun nan ya yi mini shekara shida. Sau biyu cuta tana cinye ɗakin farko, sau biyu ina sake zuba manhaja, sauran ɗakunan ko gezau. Ɗakin Gyara ban taɓa sa aikin kuɗi a ciki ba. Jerin kayan shagon Kawu ne a ciki, da takardun makarantar 'ya'yansa, da hotunansu na Kirsimeti, da katin auren babbar 'yarsa da na buga da harshen Ibo harafi bayan harafi yana tsaye a kaina yana cewa na manta ɗigo a ƙarƙashi. Yanzu wayar da ke hannuna ta ninka rumbun nan wuri, jikokin Baba kuma in na ce musu gig huɗu na fara da shi sai su ce wasa nake.

Amma abin da na fi tunawa shi ne washegarin ranar. Da safe ina share ƙofar shagona Kawu ya zo da jakarsa ya ce a auna masa wake mudu biyu. Baba ya auna, ya cika kowanne da tsororo yadda ya saba. Sai ya tsaya da hannu a cikin buhu, ya rasa yadda zai yi, tunda yanzu ya san an sani. Suka dubi juna. Can Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Kai, maƙwabci, dubi akuyar can."

Babu ko akuya ɗaya a titin. Kawu ya juya ya ba shi baya, ya harɗe hannu, ya yi ta kallon titi har sai da Baba ya gama.